Haƙƙin Kare a Kan Ubangidansa a Tafiyar Bazara

  

Abin da muka ɗauko muku yau magana ce a kan wata halitta wadda ba a cika kawo sunanta a majalisar dattawa ba sai an nemi gafarar masu ji, alhali kuwa da wuya ka ratsa ƙauye ɗaya tun daga Gulbin Maraɗi har zuwa Gulbin Kaba ba ka ji haushinta ba, watau kare. Kuma wanda muke nufi shi ne karen da ke bin ubangidansa daji wuni guda cur a cikin watannin nan na bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare, tabkuna suka ƙafe, rana ta mallaki sama da ƙasa.

Wanda ya san ƙasar nan ya san cewa tun daga ranar da aka gama ɗaure dammunan hatsi aka kai rumbu, aka saki bisashe cikin kara, har zuwa ranar da hadarin farko zai zubar da ruwan shuka, ƙafar mutumin karkara ba ta hutawa, kuma a yawancin tafiye-tafiyen nan akwai kare a gaba ko a baya. Ga ƴan farauta, waɗanda in an buga gangi sukan fito da gora da barandami su bazu cikin saura da fako suna neman zomo da gafiya da kurege da zabin daji. Ga makiyayi da ke kora awaki da tumaki zuwa inda ya ji labarin sauran ciyawa. Ga manomi da ya nufi gonarsa ta nesa don sassabe ko kai taki. Ga kuma yara, waɗanda su suka fi ba ni tsoro, domin in dai kurege ya gilma, ba su san wani abu wai shi rana ta yi ba.

To, abin da nake so ya zauna a zukatanmu tun ba mu yi nisa ba shi ne wannan. Jaki in kaya suka fi ƙarfinsa sai ya toge, ko an yi ta dukansa ba zai ɗaga ƙafa ba. Raƙumi in ya gaji sai ya durƙusa ya yi ta gunaguni har a sauke masa. Amma kare, saboda irin biyayya da kwaɗayin farauta da aka halicce shi da su, muddin yana hangen ubangidansa a gaba ko yana jin ƙanshin nama a hancinsa, sai ya yi ta bi, ya yi ta bi, har zafi ya ci ƙarfinsa ya faɗi. Kai mai shi, kai ne za ka ce ya isa haka. In ba ka faɗa ba kuwa, babu mai faɗa.

Kada wani ya ce don me za a ɓata lokacin rediyo a kan kare, domin malamanmu na mazhabar Imamu Malik ba su ga asarar tawada ba da suka zauna suka rubuta hukuncinsa. Shehu Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala da almajirai ke karantawa a zaurukan Maraɗi da Tasawa, wanda ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya, ya bayyana cewa ba a ajiye kare a gida haka kawai, sai don tsaron shuka, ko rakiyar dabbobi zuwa makiyaya, ko farautar da mutum ke neman abincinsa da ita. Kuma Alƙur'ani mai girma, a aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida, ya halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo wa mai ita, in an ambaci sunan Allah. Ashe ke nan shari'a ta san karen aiki, ta kuma yarda da shi, kuma duk mai ran da shari'a ta yarda mutum ya mallaka, to, ta wajabta masa ciyar da shi da shayar da shi, ta hana shi ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba.

Kuma wane ne a cikinmu bai taɓa jin hadisin nan da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi ba? Labarin wani matafiyi ne da ƙishirwa ta galabaitar, ya sami rijiya ya sauka ya sha, da ya fito sai ya tarar da kare yana haki yana lasar damshin ƙasa, ya gane cewa abin da ya same shi ɗazu shi ne ya sami wannan dabba, ya koma cikin rijiyar ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da haƙori don hannayensa su sami damar hawa, ya fito ya shayar da shi, Allah kuwa ya gafarta masa saboda wannan. Kuma da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu da cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Abin lura a nan, ƴan'uwana, karen nan ba na mutumin ba ne, a bakin rijiya ya tsince shi, babu wani alkawari a tsakaninsu. To, ina ga kai da ka yi fito tun da duhun asuba, kare ya taso daga inda yake kwance ya bi ka, kai ka zaɓi hanyar, kai ka zaɓi ranar, kai kuma za ka ci naman da zai kamo?

(Taƙaitaccen kiɗan komo)

Madalla. Yanzu bari mu duba yadda Mahalicci ya tsara jikin wannan dabba, domin wanda bai san wannan ba zai riƙa auna kare da kansa, ya ce ai ni ban ji komai ba tukuna. Ɗan Adam, in zafi ya dame shi, zufa ce ke tsatstsafowa daga duk fatarsa, tun daga goshi har dugadugi, iska ta busar da ita, jiki ya yi sanyi. Kare ba a ba shi wannan ni'ima ba, in ban da ƴar zufar da ke fita a tafin ƙafarsa, wadda ba ta taka kara ta karya ba. Abin da aka ba shi a maimakonta shi ne haki, watau ya buɗe baki, ya zaro harshe, ya riƙa shaƙar iska yana fitarwa da sauri, har numfashinsa, wanda in yana kwance lafiya ba ya wuce sau 30 a minti ɗaya, ya haura sau 200, don damshin harshe da na maƙogwaro da na cikin hanci ya riƙa tashi yana tafiya da zafin jini. Wannan hikima tana aiki, amma bisa sharaɗi biyu: sai da ruwa a jiki, domin kowane numfashi ruwa yake ɗiba, kuma sai iska ta kasance busasshiya. Shi ya sa kwanakin ƙarshen Mayu da farkon Yuni, lokacin da iskar kudu ke kawo laima, hadari ya haɗu ya watse ba ɗigo, mutum ya kwana sharkaf da gumi, suke da mugun hatsari ga kare, ko da zafinsu bai kai na Afrilu a ma'auni ba, don kuwa iskar da ta riga ta ƙoshi da laima ba ta karɓar wata daga harshensa.

Likitocin dabbobi sun auna sun tabbatar cewa zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 da 39, watau ya ɗan ɗara na mutum, wanda yake 37. In ya haura 41 an shiga hatsari, in ya doshi 43 kuwa sai kayan ciki su fara lalacewa, ƙoda da hanta da hanji da ƙwaƙwalwa, jini kuma ya rikice ya daina daskarewa yadda ya kamata. Ku dubi ƙanƙantar wannan tazara. Sa'an nan ku tuna cewa a jihar Maraɗi, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40 har ya wuce, kuma adadin nan da kuke ji ana faɗa a labarin yanayi, a inuwa ake auna shi, sama da ƙasa da fiye da mita ɗaya; shi kuwa kare cikinsa bai fi taƙi biyu daga rairayi ba, rairayin da da tsakar rana yakan haura digiri 60, ƙasa na dukansa daga ƙarƙashi, rana na dukansa daga bisa, ga kuma wutar da gudu ke hurawa a cikin naman jikinsa. A Ingila, ƙasar da zafinta bai kama ƙafar namu ba, wasu likitocin dabbobi sun bi bayanan asibitocin karnuka suka fitar da sakamako a shekarar 2020, inda suka tarar cewa wajen kashi 74 cikin 100 na karnukan da zafi ya buge, motsa jiki ne sanadi, tafiya ko gudu ko wasa, kuma kimanin ɗaya cikin bakwai na waɗanda abin ya sama bai tashi ba. In haka ta faru a ƙasar hazo da yayyafi, ina ga fakon Gazawa a watan Mayu?

Maganin farko, wanda ba ya cin ko dala, shi ne zaɓen lokaci. A fita da an sallame sallar asuba, a ci moriyar sanyin safiya da hantsi, da walaha ta yi, inuwar mutum ta fara taƙurewa zuwa ƙarƙashinsa, a nemi gindin itace a ya da zango, kada a sake ɗaga ƙafa sai la'asar sakaliya. Dattawan mafarauta sun san wannan tun ba a kawo ma'aunin zafi ƙasar nan ba, sun kuma san cewa naman dajin ma kansa ba ya yawo da tsakar rana, yana cikin rami ko ƙarƙashin sabara. Yawanci samari ne, waɗanda babur ya kai su bakin daji ba su ji nisan a ƙafarsu ba, ke tayar da zomo da azahar su saki karnuka a kansa. Abin da ya fi wannan muni shi ne mutum ya hau babur ko keke, iska na kaɗa masa riga, ya bar kare na binsa da gudu a ƙasa daga wannan gari zuwa wancan. Wannan zalunci ne tsantsa, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Kafin ka ce wa kare taho, tuɓe takalminka ka taka rairayin, ko ka ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga zuwa goma a hankali. In ba ka iya daurewa ba, to, shi ma tafin ƙafarsa nama ne, kaurinsa bai hana shi ƙuna ba. Babbar hanyar nan ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Gidan Rumji da Maraɗi da Cadawa da Agie da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, da tsakar rana baƙin kwaltanta kaskon tuya ne, kada a bi da kare ta kansa sai dai a tsallaka. Alamar ƙunar ƙafa ba ta ɓuya: zai riƙa ɗingishi, ya tsaya yana lasar tafin, in ka duba ka ga ya yi ja ko fatar ta saɓule. Kuma duk inda aka ya da zango, ka kama ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya ka buɗa tsakanin yatsun, domin nan tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa ke maƙalewa, ka leƙa cikin kunne ka cire kaska, wadda ke shan jininsa ta bar shi ba ƙarfin jure zafi.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ginshiƙin al'amarin duka. Ƙiyasin likitoci shi ne kare yana bukatar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a wuni, ke nan karen da ya kai kilo 15, irin waɗanda suka fi yawa a ƙauyukanmu, yana bukatar abin da ya kusa lita ɗaya ko yana kwance a gida bai je ko'ina ba. In kuwa tafiya ce ta wuni a bazara, a ninka wannan sau biyu ko sau uku, ban da wanda za a ajiye don zuba masa a jiki in ta ɓaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da dare za a cika jarka a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, a kuma tanadi ƴar ƙwarya ko gindin tsohuwar jarka da aka yanke, ta zama tasa shi kaɗai. Ba a jira sai ya galabaita sa'an nan a tura masa bokiti ya sha har cikinsa ya kumbura ya amayar. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, a kai a kai, duk sa'ad da aka tsaya. Abinci mai nauyi kuwa da dare ake ba shi, bayan an dawo ya huce. A kuma tsare shi daga ruɓaɓɓen ruwan da ya rage a gindin tabki, da mushen da ke yashe a hanya, wanda ba a san abin da ya kashe shi ba.

Akwai wata gafala da nake so in ja hankalin masu azumi a kanta, ko na Ramadan, wanda a shekarun 2021 da 2022 ya faɗo a tsakiyar bazara, ko na nafila da na ramuwa da ake yi kowane lokaci. Mai azumi, tun da ba zai sha ba, sai ya fita ba gora ba jarka, ya manta cewa abokin tafiyarsa ba mukallafi ba ne, ba a ɗora masa azumi ba, kuma ƙishirwar da kai kake neman lada da ita, shi azaba ce kawai a gare shi, wadda za a tambaye ka a kanta.

In an iso rijiya ko famfo, a kiyaye haƙƙin jama'a. Kada a bar kare ya sa baki a guga ko a tulun mata, kada ya kutsa cikin garken da ake shayarwa a komi ya tarwatsa shi, domin daga irin wannan ne ƙaramar magana ke zama babba tsakanin mafarauci da makiyayi. A sa masa igiya, a ɗebo ruwan a kai masa gefe a ƙwaryarsa. Amma kuma kada ƙyama ta kai mutum ga barin dabba ta mutu, domin abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne kare mai rai jikinsa da yawunsa ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai ta'abbudi ne, watau bin umarni. Saboda haka wanda ya saɓa karensa a kafaɗa don ya cece shi bai ɓata tufafin sallarsa ba, muddin fitsari ko kashi ko jini bai taɓa su ba. Wanda ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin garinsu.

Inuwa kuwa, alhamdu lillahi, ta fi samuwa yanzu bisa ga yadda ƙasar nan ta kasance bayan farin 1973 da na 1984, sa'ad da gonaki suka yi tsirara iska na kwasar ƙasa. Tun daga shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya girma maimakon a sare shi a ƙone, har ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agie ya yi suna a kan wannan aiki, baƙi na zuwa gani. Mai tafiya da kare ya tsara hanyarsa daga itace zuwa itace, daga rijiya zuwa rijiya. Gawo shi ne babban abokin matafiyin bazara, domin Allah ya saɓa masa da sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya yi lif da rani. Tsamiya da kanya da bedi inuwarsu mai kauri ce. Goruba kuwa, duk da tsawonta, inuwarta ba ta da yawa, kuma tana gudu da rana. In ka ga karenka ya shige ƙarƙashin kalgo yana tonon ƙasa da ƙafafun gaba, kada ka kore shi, sanyin da ke ƙarƙashi yake nema don ya manna cikinsa a kai. Taimake shi ma, ka yayyafa ruwa a ramin, bayan ka duba ka tabbata babu kububuwa ko kunama da ta riga shi wurin.

(Taƙaitaccen kiɗan komo)

To, jama'a, ku ƙara matso da akwatin rediyo kusa, domin nan ne wurin da ake ceton rai ko a rasa shi. Zafi ba ya ka da kare farat ɗaya, sai ya aiko da manzanni. Da fari za ka ga harshen ya ƙara tsawo ya yi faɗi a ƙarshe, ya yi ja wur, hakin ya yi ƙarfi har da ƙara. Yawun da ke zuba ya yi kauri yana yauƙi. Karen da ya saba shiga gaba ya koma baya, duk inuwar da ya gani sai ya ratse, ka kira shi ya dube ka bai taso da sauri ba. Wannan ne lokacin tsayawa, ko da zomo na gabanka. In aka ƙi, sai tangaɗi ya biyo baya, ƙafafun baya su riƙa harɗewa, ya yi amai ko zawo, wani lokaci da jini, dasashi ya yi ja ƙwarai ko ya koma fari ko shuɗi-shuɗi, daga nan sai faɗuwa da shure-shure.

Abin yi shi ne a fara sanyaya shi nan take a inda ake, kafin a yi zancen kai shi ko'ina. A ɗauke shi zuwa inuwa, a zuba masa ruwa a wuya da ƙirji da ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, har ruwan ya ratsa gashi ya kai ga fata, ana yi ana fifita da malafa ko faifai ko gefen riga, domin iska a kan jiƙaƙƙen jiki ita ce ke janye zafin. Ruwan randa, ruwan rijiya, duk wanda ya fi jikinsa sanyi ya wadatar, kuma in akwai komi ko kududdufi mai tsabta kusa, a tsoma jikinsa a tallafe kansa sama. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu a bar shi, domin buhun zai ɗumama ya tsare zafin a ciki. In yana cikin hayyacinsa a miƙa masa ruwa ya lasa da kansa, in kuwa ya suma kada a ɗura masa, don zai bi hanyar numfashi ya shaƙe shi. Kada a ba shi ƙwayoyin mutane, ko farasitamol ko turamol, domin wannan ba zazzaɓi ba ne, kuma ƙwayoyin na iya zama guba ga hantarsa da ƙodarsa. Da hakin ya lafa, ya fara gane mutane, a daina zuba ruwan, a ɗora shi a amalanke ko a kafaɗa, kada a ce ya tako da ƙafarsa, a nufi likitan dabbobi na ofishin kiwo mafi kusa ko da ya nuna ya warware, domin ɓarnar da zafi ke yi wa ƙoda da jini takan ɓuya ta bayyana bayan kwana ɗaya ko biyu.

A nan akwai wata mas'ala mai wuya wadda ba zan tsallake ta ba. Karen da zafi ya buge, ga yawu na dalala, ga tangaɗi, ga ido ya juye, yana kama da mahaukacin kare, har jama'a su taso masa da sanduna. Alhali zafin rana ba ya haifar da haukan kare, ciwon nan ƙwayar cuta ce da ke shiga ta cizo ko yawun dabbar da ke ɗauke da ita. In karenka ne, ka san lafiya lau ya fito da safe, a gabanka ya yi gudu a rana ya faɗi, to, zafi ya fi kusa, ka taimake shi, amma ka nisanta hannunka daga bakinsa, domin dabbar da ta ruɗe takan ciji ko mai ita. In kuwa baƙon kare ne, ko naka ne amma kwanaki ke nan halinsa ya sauya, ko wani kare ya taɓa cizonsa, kada ka kusance shi, ka kori yara, ka sanar da ma'aikatan kiwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutane kimanin 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamominsa sun bayyana a jikin mutum babu magani, alhali rigakafinsa na nan tun 1885, lokacin da Luwi Fasto na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurarsa. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya ga tofi ko shafa gashin karen a kan miki.

Ba kowane kare ne ma ya kamata a fita da shi ba. Kwikwiyo da tsoho, da karya mai ciki ko mai shayarwa, da wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, gida ya fi musu. Haka nan karnukan ƙasashen waje masu yawan gashi ko gajeren hanci da wasu ke ajiyewa a birni, waɗanda ba a halicce su don wannan ƙasa ba. Namu na gida, masu ɗan gajeren gashi da dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, irin ƙirar karen Azawak na Buzaye, sun fi juriya nesa ba kusa ba, amma juriyar nan ce ke ruɗin masu su har su wuce da su iyaka.

Ga ƴan farauta kuma, a tuna cewa Nijar na da dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, kuma dazuzzuka irin su Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado na gundumar Agie gandun hukuma ne. A nemi jami'an gandun daji a ji abin da aka halatta da lokacinsa kafin a buga gangi. Cinna wa daji wuta don a fitar da gafiya kuwa, bayan ta cinye abincin dabbobin jama'a da tohon da manomi ya shekara yana tattali, ƙafar karenka ce ke fara taka tokar.

Kirana na ƙarshe ga iyayenmu sarakunan farauta da masu gari da magidanta ne, domin ku ake jin maganarku. Ku sa doka a tsakaninku cewa daga walaha zuwa la'asar ba a sakin kare a kan nama a watannin nan, kuma duk saurayin da ya zo wurin taro da kare ba tare da ruwan karen ba, a mai da shi gida ya ɗauko. Iyaye mata, in kun ga yaro ya ja kare zai fita da rana tsaka, ku tsayar da shi. Wanda kuma karensa bai sami allurar rigakafin hauka ba bana, ya kai shi ofishin kiwo na gundumarsa kafin mako ya zagayo.